Abin da Malam Ya Ajiye a Ƙasan Rumbu

Ni ban iya rubutu ba. Bakina ke faɗa, hannun 'yata Rahila ke sawa a takarda, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Inda Hausata ta karkace ta bar ta a karkace, don ba da ita aka haife ni ba. Da harshen Gude aka haife ni, a ƙauyen Duvu, a gindin dutse. Na ba jikokina tatsuniyoyi da yawa, amma wannan ba ta cikinsu. Babu kura a ciki, babu zomo, kuma ba a dariya a ƙarshenta.

Bana ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina, kwana goma sha biyu babu ɗigo. Ina zaune a gidan Rahila a nan Mubi tun da ƙafa ta hana ni noma. Kullum da hantsi sai in ja kujerata ƙofar gida in dubi wajen duwatsu. Hadari ya taso baƙi ƙirin, ya yi tsawa, iska ta zo ta kwashe shi ta yi wajen Maiha da shi. Masu shigowa daga Vimtim a kan babur suna cewa masara ta fara naɗe ganye. Matan unguwarmu kuwa murna suke, wai shanya tana bushewa da wuri.

Rahila littattafai take rubutawa. 'Ya'yanta uku. Da safe in ta sallame su makaranta sai ta ɗora tukunya, ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, ta manta da tukunyar. Ni ke jin ƙauri in yi kira, ta ce layi ɗaya ya rage. Layin nan ɗaya ya ƙona mana wake ya fi sau goma. In yaran sun dawo kuma, hannu ɗaya yana rubutu, ɗaya yana raba faɗa. Ban taɓa hana ta ba. Ban kuma taɓa ce mata ta karanta mini ko shafi ɗaya ba, ita ma ta daina tayi tuntuni.

A cikin kwanakin nan na rashin ruwa aka kawo sabon littafinta daga wurin bugu, kwali takwas a bayan keke. Ban ga inda ta sa su ba. Washegari na shiga sito in ɗebi masarar niƙa, na ga buhuna sun taso har ƙirjina, raina ya yi fari, na ce ashe muna da sauran abinci haka. Da na sunkuya da kwano sai na ga abin da ke ƙasa. Kwalayen ne. Ta jera su, ta ɗora masara a kai.

Na zauna a kan turmi.

"Rahila, zo ki sauke buhunan nan."

Ta leƙo da biro a cikin gashinta. "Mama, ƙasan ne ke da sanyi, kar masarar ta jiƙe. Littattafan ma ai gara su yi wani amfani kafin a saye su."

"Ki sauke, na ce. Ba a ɗora abinci a kan takarda."

Dariyar ta tsaya mata a baki. Ta dube ni, ta ce ba ta taɓa jin muryar nan a bakina ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, kamar lokacin da take ƙarama. A nan cikin siton na gaya mata abin da na riƙe shekara arba'in, kuma shi ne zan sake faɗa yanzu.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Shi ke hawa tsani, shi ke ɗaga jinka, shi ke ɗebowa, ke kina ƙasa da kwando. Amma babu macen da ba ta san abin da ke ciki ba, don muna da kunne. In ya fita gona sai ki je ki ƙwanƙwasa jikin rumbun da bayan yatsa, daga sama ki gangaro. Inda babu komai yakan amsa miki kamar ganga. Inda dawa ta fara sai ya yi gum. Daga nan ki auna da taƙin hannunki har ƙasa. A gidanmu taƙi ɗaya wata ɗaya ne. Uwata ta koya mini, ita ma uwarta ta koya mata, kuma bai taɓa yi wa ɗayarsu ƙarya ba.

Akwai doka ta biyu. Ba a sa komai a rumbu sai hatsi. Ba tufa, ba ƙarfe, ba komai. Tsofaffi sun ce baƙon abu yana korar albarkar dawa. Ko bayan da muka zama masu bi muna zuwa sujada a coci, wannan bai canja ba.

Mijina Malam Bitrus ticha ne a firamaren ƙauyenmu. In an tashi makaranta ba ya zama a gida. Yakan sa goro da taba a aljihu ya bi tsofaffin unguwanni, ya zauna a gabansu da fensir, su yi ta faɗa yana rubutawa da harshenmu. Yadda kakanni suka sauko daga dutse. Waƙoƙin niƙa. Waƙoƙin makoki, waɗanda ba a rera su sai da gawa a gida. Sunayen irin dawa da aka daina shukawa. Shekara bakwai yana wannan, har ya cika littattafai goma sha huɗu masu shuɗin bango, irin na 'yan makaranta. Ban da su yana da na bugu da yawa, manya, masu kauri, wasu da hotuna. Ɗakinmu na yoyo, gara kuma ta taɓa cinye masa biyu cikin na bugun, ya kwana uku ba ya cin abincin kirki. Daga baya na daina ganin littattafan a ɗaki. Na ɗauka makaranta ya kai su. Ban tambaya ba, na ji daɗin samun wurin ajiye tukwanena.

Shekarar da nake faɗa, Rahila tana da shida, ƙanenta Dauda yana da biyu. Da ruwan farko aka aiko wa Malam ya tafi kwas Yola, wata huɗu. Ranar tafiya yayansa Yakubu ya zo, shi ne babba a gidan, ya ce tunda maigida ba ya nan an ba ni izinin hawa rumbu. Malam ya rataya jakarsa, ya tsaya yana duban rumbun, ya buɗe baki, ya dubi yayansa, ya rufe. Abin da ya fito kawai shi ne, "Maman Rahila, ki ja hannu da dawar nan."

Na yi dariya a cikina. Tun da asuba na ƙwanƙwasa. Taƙi shida. Wata huɗu da rabi ne tsakaninmu da sabuwar masara. Na ce mutumin nan ya san takarda, ni na san rumbu.

Damina ta fara da kyau. Ƙasa ta yi ƙamshi, muka shuka dawa da masara da gyaɗa, tsiro ya fito layi-layi. Babu namiji a gida, ciyawa kuwa ba ta jira, sai na kira gayya. Maza ashirin da biyu suka zo da fartanya. Na tuƙa tuwo tukunya uku da miyar kuɓewa, na dama kunun tsamiya a randa, suka ci suka sha suna waƙa, kafin rana ta karkata gonar ta yi fes. Da noma na biyu ya zo na sake. Inna Talatu, gwauruwar da ke bayan gidanmu, ta zo da ƙwarya a ɓoye cikin zane, na cika mata, sau uku. Ƙanwata ta aiko tsutsa ta cinye shukarta, na aika mata da iri. Kowane ɗiba sai na ƙwanƙwasa, rumbun ya ce mini akwai.

Sai ruwa ya ɗauke.

Ba a gane shi ran farko. Ana cewa gobe. Rana ta fito fara fat tun da safe, dutsen bayan gida ya yi zafi har akuya ba ta hawa. Masara ta fitar da gemu, gemun ya bushe babu ƙwaya a ƙarƙashi. Ganyen dawa ya nannaɗe kamar igiya. Mayo, wato kogin da muke ɗiban ruwa, ya janye ya bar yashi, sai an tona kamu biyu kafin ya tsatso. Da yamma kwaɗi suka yi shiru, kuma wanda ya tashi a ƙauye ya san damina babu kukan kwaɗi abin tsoro ce. Masu bi suka taru a coci, Musulmin unguwar ƙasa suka fita fili roƙon ruwa, tsofaffi suka hau dutse suka yi nasu. Hadari ya zo ya duba mu ya wuce.

Ni ban tsorata kamar sauran ba. Saura taƙi biyu da ɗan kai, na ce za mu kai.

Wata safiya dawa ta yi nisa da hannu, sai da na zura jiki na shiga ciki gaba ɗaya. Ƙafata ta nutse zuwa idon sawu, ta taka abu mai tauri. Na share da hannu. Tabarma ce. Na ɗaga tabarmar, na ga buhuna biyu a kwance da akwatin ƙarfe a tsakaninsu, an cusa tsummoki a gefe don kada ƙwaya ta gangara. Na kwance bakin buhu ɗaya na sa hannu. Takarda.

Ban san tsawon lokacin da na yi a ciki ba. Zafi kamar tanda, ƙurar dawa a maƙogwarona, haske na saukowa ta bakin rumbun, ina jin Dauda a waje yana kiran Mama. Rumbu a kan duwatsu yake, gara ba ta hawa, ruwa ba ya shiga. Babu wurin da ya fi shi tsaro a gidan, Malam ya yi tunani mai kyau. Ya yi lissafinsa a kan taƙi huɗu, ya ga za su kai mu ya dawo in an ja hannu. Ni na yi nawa a kan shida. Takarda da dawa murya ɗaya suke amsawa ta bango, wannan ne uwata ba ta koya mini ba, don ita ba ta auri mai takarda ba.

Abin da na share a kan tabarmar bai cika kwando ba.

Na je wurin Yaya Yakubu. Ya ce, "Rumbun da na ga an cika da idona? Tsuntsayen Duvu kike ciyarwa, ko gayyarki ta ci sarauta ce?" Ya ba ni ƙaramin kwando ɗaya, nasa ma ya yi ƙasa. Ban gaya masa gaskiya ba. A shekarar nan mutane neman wanda ya kori ruwa suke yi. Da an ji an sa takarda a rumbu, da littattafan sun ci wuta a tsakar gida, sunan Malam kuma ya bi su. Na bari aka ce ni ce mai ɓarna. Har na bar Duvu akwai matan da in sun ga yarinya ta cika mudu da yawa sukan ce hannun Maryamu gare ta, wato ni.

Muka koma ganye. Tafasa da safe, rama da rana, lalo in an samu. A dafa, a matse, a barbaɗa garin dawa tafin hannu ɗaya don a yaudari ciki. Muka ci ragowar gyaɗar iri. Na tankaɗe dusar da nake ba akuya, sannan muka rabu da akuyar. Yunwa tana da wari, wani tsami-tsami a bakin yara in sun tashi barci. Rahila ta daina wasa. Don ta daina tambayata abinci sai na ciro ɗaya cikin masu hotuna na ba ta a cikin ɗaki, na ja ƙofa. Ta kwanta rub da ciki tana bin baƙaƙen da yatsa, tana kiran waɗanda ubanta ya koya mata. Sai ta yi rabin yini ba ta yi kuka ba. Dauda bai kai wannan ba. Nonona ya ƙafe, ganye kuma ba ya zama a cikinsa.

Na taɓa ganin masu ƙosai a Mubi suna sayen takarda don naɗi. Ran nan na rufe ƙofa, na baje littattafan duka a kan tabarma, na zauna zaɓe. Na bugun nan masu nauyi ne, bangonsu kamar fata, wasu da rubutun ruwan zinariya, daga nesa aka kawo su. Na ce waɗannan su ne dukiyar, in na taɓa su Malam ba zai yafe ba. Masu shuɗin bangon kuwa sun yi datti, gefensu ya lanƙwashe, ga jan goro ga shatin gumi. Na ce ai hannunsa ne ya yi su, hannun kuwa yana nan. Mai saƙar tabarma in an ɗauke masa ɗaya yakan saƙa wata. Ban tuna uku cikin tsofaffin da suka faɗa masa suna ƙasa ba. Ban san huɗu za su bi su kafin kaka ba.

Na ɗauki bakwai na naɗe a zane, na goya Dauda, na bar Rahila wurin Inna Talatu, na taka har Mubi. Kusa da tasha akwai wata dattijuwa mai ƙosai, Dada ake ce mata. Ta buɗe ɗaya ta kawo kusa da ido.

"Ba tawada ba ce ko? Tawada tana ɓata mini ƙosai."

Na ce fensir ne.

"Kai, wannan ɗalibin ya yi ƙoƙari. Ko gefe bai bari ba. Ɗanki ne?"

Na ce na gidanmu ne. Na roƙe ta ta ba ni masara a maimakon kuɗi, ta shiga ta auno mini. Ta dubi wanda ke bayana, ta daina wasa. Ta yage shafin farko, ta sa ƙosai uku, ta miƙo ta ce a ba yaro. Mai ya ratsa takardar nan take, ta zama kamar gilashi, rubutun gaba da na baya suka hau juna. Hannun Malam ne, ƙanana-ƙanana, a kwance kaɗan, yadda yake yi. Dauda ya ci rabin ɗaya. Na cinye sauran a hanya, har takardar na lasa.

Bayan kwana biyar na kai sauran bakwai ɗin.

Ƙafafun Dauda suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Ya daina kuka, wannan ya fi kukan muni. Masarar ta zo masa a makare, kunu ma dawowa yake. Ranar da ruwa ya dawo da safe ne, ya zubo kamar an fasa randa, duk ƙauye ya fito tsakar gida, mata na guɗa, yara na tsalle a cikin taɓo. Ina zaune a bakin ƙofa da shi a cinyata. Na ce, Dauda, ga ruwa. Feshin yana taɓa fuskarsa bai ƙifta ba.

Ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba.

Malam ya dawo bayan kwana tara. Saƙo ya same shi a hanya, bai shigo da tambaya ba. Ya je bayan gida inda aka sa yaron, ya daɗe. Da ya dawo sai ya jingina tsani ya hau rumbu ya shiga. Na bugun duk na mayar masa, na jera su yadda na same su. Ina tsaye a ƙasa inda mace ke tsayawa. Ina jin motsinsa ta bango, yana ɗagawa yana ajiyewa, sannan shiru. Ya sauko da ƙura a kansa.

"Masu shuɗin bangon fa?"

Na ce, "Mun ci."

Ya dubi rumbun, ya dubi hanyar bayan gida. "Sun kai ku kwana nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Ya zauna a kan dutsen niƙa, ni na zauna a ƙasa, har kaji suka shiga akurki. Ina jira ya ce me ya sa ban kai na bugun ba. Yana jira in ce me ya sa bai faɗa mini ba. Shekara talatin da huɗu muka yi tare bayan nan, ya rasu muna jiran juna.

In mutane suka tambaye shi aikinsa na tsofaffi, sai ya ce gara ta ci. In aka tambaye ni Dauda, sai in ce shekarar fari ce ta ɗauke shi, kamar yadda ta ɗauki na wasu. Ya ci gaba da koyarwa, yana feƙe wa yara fensir da reza, yana duba aikinsu. Nasa rubutun bai sake ba. Wani lokaci in ya ɗauka ba na gani, yakan tsaya ya ɗora tafin hannu a jikin rumbun, wajen ƙasa. Na bugun nan kuwa Rahila ta karance su kaf kafin ta gama firamare.

Da na kai nan, Rahila ta dubi kwalayenta.

"Baba ya ce mini gara ce," in ji ta.

"Ya rufa mini asiri ne. Ni ma na rufa masa."

"Mai hoton jirgin ruwan nan da kika ba ni a ɗaki, daga cikin rumbun ya fito?"

Na ce daga ciki. Ta rufe fuska da gefen zanenta. Tukunya tana ƙauri a madafa, mu duka muna ji, ba wanda ya tashi. Can ta tambaye ni ko na riƙe wani abu cikin abin da tsofaffin suka faɗa. Na ce kaɗan, wanda na ji in na kai musu ruwa, da waƙoƙin niƙa da na sani tun a gidanmu.

Mun fara. In yara sun tafi makaranta sai ta sauke tukunya tukuna, sannan ta zauna, ina faɗa da harshen Gude tana rubutawa. Ba zai cika ko ɗaya cikin goma sha huɗun ba. Wani labarin nakan kama shi da kyau, in bi shi, in kai tsakiya in tarar babu komai, kamar an yage. Rahila takan bar fili a wurin. Ta ce kada mu cika da abin da ba nasu ba.

Kwalayen suna ƙarƙashin gadonta yanzu, buhunan a kan katako. Ruwa ya dawo ranar ta goma sha uku, 'yan Vimtim sun ce masarar za ta tashi. Amma kullum da safe kafin a ɗora tukunya nakan shiga sito. Ba na ƙwanƙwasawa. Nakan kwance bakin buhu, in naɗe hannun rigata, in tura hannu har kafaɗa sai yatsuna sun taɓa gindin. Rahila tana ganina ta taga.

Yau ma na sa. Masara ce har ƙasa.